Agogon Marayu a Kasuwar Sabon Gari

A shinge na uku bayan mun ƙetare iyaka aka karɓe mini katin ɗan ƙasa. Wani mai kaki ya leƙo cikin motar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, idonsa ya tsaya a kaina. Ya sa na sauko, ya juya katin gaba da baya, ya ga duk Faransanci ne, ya jefa a aljihu. Sannan ya kai hannu ya taɓa kambun da ke ɗaure a damtsena.

"Wannan fa?"

"Na tsari ne, ranka ya daɗe," in ji ni.

Ya janye hannunsa da sauri ya goge a wando, ya ce in ɓace masa da gani. Na tsaya ina roƙon katina, direba na ta ihu, fasinjoji na zagina, dole na haƙura na shiga. Tun daga nan duk wanda na hango da kaki, ko ɗan makaranta ne, sai gabana ya faɗi.

Abin da ke cikin kambun agogon mahaifinmu ne. Shi direba ne na wani Bafaranshe mai sayen gyaɗa a Damagaram tun kafin a haife ni, da Baturen zai koma gida ya cire agogon daga hannunsa ya ba shi. Kullum bayan asuba sai mahaifinmu ya murza ɗan maɓallin gefe, ya kara a kunne, sannan ya ɗaura. Wata biyu kafin rasuwarsa agogon ya tsaya. Da aka zo rabon gado, wani maƙwabcinmu malamin lakkwal, wato makarantar boko, ya karanta sunan da ke fuskar agogon, sai ya miƙe tsaye. Ya ce kada mu kuskura mu sayar da shi a banza, Turawa na neman irinsa ruwa a jallo, a gyara shi tukuna. A garinmu ba wanda ya yarda ya buɗe shi. Wani ɗan kasuwa ya ce akwai tsoho a Sabon Garin Zariya, Baba Yohanna, wanda Turawa suka koya wa aikin. Baffa Mamman, yayan mahaifinmu, ya sa aka ɗinke agogon a cikin fata, ya damƙa mini a gaban mutane.

"Isuhu, ba naka ba ne," ya ce. "Ku biyar ne, uku ƙanana ne. Ka san abin da Allah ya faɗa a kan dukiyar maraya."

Ina da shekara ashirin da shida a lokacin, kuma ban taɓa wuce Magarya ba.

Kano ban gan ta ba, jin ta kawai na yi. Daga wannan mota aka tura ni waccan, hannuna na hagu manne da damtsen dama kamar mai ciwon kafaɗa. Aka sauke ni a Kwangila ta Zariya ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Mu mutanen Damagaram roƙon ruwa muke yi, amma wannan ya wuce abin da muka roƙa. Wani ɗan acaɓa ya ɗauke ni ya yi ta zagaye da ni, sai daga baya na gane ya bi ta gaban gidan mai ɗaya sau biyu. Baƙo ko da ido makaho ne. Ya ajiye ni bakin kasuwar Sabon Gari, inda mutane ke ihu da yarukan da ban taɓa ji ba, ga masu wayar kira zaune ƙarƙashin lema kowa na jan rigata. Na sami masallaci kusa da layin dogo na ajiye jakata. Na yi kewar furar innata har ƙwalla ta zo mini, na fake da alwala na wanke fuska.

Washegari aka nuna mini layin masu agogo, tebura a jere, kowanne da akwatin gilashi. Na tambayi Baba Yohanna. Wani dattijo mai tsabta, ɗan shekara hamsin, gemunsa ya fara fari, ya yafito ni da hannu.

"Allah sarki! Baba ai ya rasu tun bara. Ni ne Sale, babban yaron shi, ni ya bar ma teburin nan. Daga ina?"

"Daga Damagaram na taho."

"Kai, sannu da hanya! Zauna, zauna. Ka karya kuwa?"

Ya sa aka kawo mini shayi da burodi. Tun shigowata ƙasar ba wanda ya yi mini magana mai daɗi sai shi. Na farke kambun na miƙa masa. Ya sa gilashi a ido ɗaya ya duba, na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ce tsohon abu ne, amma za a gwada.

Malamin lakkwal ya ja mini kunne cewa kada in ɗauke idona daga kan agogon ko na daƙiƙa ɗaya. Faɗa da baki yana da sauƙi. A gidanmu, ka zauna ka ƙura wa hannun dattijo ido bayan ka ci burodinsa, ka kira shi ɓarawo ke nan. Sai na riƙa kallon ƙasa, ina satar kallo, ina jin nauyin kaina. Aka kira azahar.

"Je ka yi salla, Malam Isuhu. Injin nan sai ya kwana cikin mai, gobe da hantsi ka dawo." Ya ga na yi jim, ya yi murmushi. "Ko ba ka yarda da ni ba ne?"

"Subhanallahi, Baba, wane ni!"

Na tashi na tafi da ƙafafuna. An ce kunyar marar kunya asara ce, ni na sha karatun a aikace. Sallar ranar nan ban san raka'a nawa na yi ba. Duk bayan ɗan lokaci sai in zagayo in hango teburinsa daga nesa, in ɓuya bayan masu tumatir don kada ya ga ina zarginsa.

Da hantsi na dawo, ya miƙo mini agogon yana tafiya. Wallahi sai da na yi kabbara. Ya ce ya cire tsofaffin hannuwan da suka dushe ya sa mini sababbi masu ƙyalli, kyauta, don ni baƙo ne. Na durƙusa na yi masa godiya, na sa wa iyayensa albarka. Na ji agogon ya ɗan yi sauƙi a tafin hannuna, na ce a raina ai dauɗa ce aka wanke.

Akwai wata mata mai shinkafa da wake a bakin ƙofar kasuwa, Maman Talatu, Kirista ce daga kudancin Kaduna. A wurinta nake ci, kullum sai ta ƙara mini cokali ɗaya ta ce wai 'yan Nijar ƙashi ne zalla. Daɗi ya sa na je in yi mata sallama, na nuna mata agogon, na ce yaron marigayi Baba Yohanna ne ya gyara.

Ta ajiye ludayi. "Wane Baban ne marigayi? Ran Lahadi tare muka fito daga coci a Samaru!"

"Malam Sale ya ce tun bara..."

"Sale? Sale da Baba ya kora? Wayyo ƙanena, me ka ba shi?"

Na ji kasuwar ta yi nisa, kamar an toshe mini kunne. Matar nan ta rufe tukwanenta, ta bar wa maƙwabciyarta, ta ja ni muka shiga bas ɗin Samaru. Muka wuce Kwangila, muka wuce Hanwa da Palladan, ɗalibai a bayanmu na ta surutu rabi Hausa rabi Turanci, suna dariya. Ni kuwa agogon na cikin tafina, gumi ya jiƙa shi, ina ta addu'a Allah ya sa mutumin maƙaryaci ne kawai, ba ɓarawo ba.

Gidan Baba Yohanna na bayan kasuwar Samaru. Ɗan tsamurmurin tsoho ne, yana zaune ƙarƙashin gwaba, hannuwansa na karkarwa, abin da ya sa ya bar sana'a ke nan. Na gaishe shi, Maman Talatu ta yi bayani. Ya karɓi agogon ya auna a tafin hannu, ya kalli siririn hannun nan mai ƙirga daƙiƙa.

"Ɗana, a hannun babanka haka yake tsalle, ɗaya, ɗaya?"

Na tuna. "A'a, Baba. Sulalewa yake yi."

"To an kwashe masa ciki."

Ya ɗauko wata 'yar wuƙa, ya daɗe yana fama da murfin baya kafin ya buɗe. Farar roba ce a ciki da ɗan batir, an manne su da gam. Na zauna a ƙasa cikin laka. Fuskar ƙanwata Hadiza nake gani, 'yar shekara shida, da ta riƙe mini jaka har bakin mota. Ban iya kuka ba.

Shaiɗan bai yi nisa ba. Na ce, "Baba, tunda yana tafiya, in na kai shi haka, za a gane?"

Tsohon ya dube ni ta saman tabarau. "A garinku ba za a gane ba. Mai saye kuwa murfin nan zai fara buɗewa. Kai kuma ka riga ka gani."

Ya sa aka ba ni ruwa, sannan ya faɗa mini abin da na ɗauko ban sani ba. Ya ce masu sunan da ke fuskar agogon gida ɗaya ne a cikin duwatsun Suwizalan, kaka ya bar wa ɗa, ɗa ya bar wa jika. Asali manoma ne ke yi musu aiki, in ƙanƙara ta rufe gonaki sai kowa ya zauna bakin taga yana goge ƙafafun inji da hannu. Kowane inji da lambarsa, kuma suna da littafin da suke rubutawa, har yau in ka aika musu lamba za su faɗa maka shekarar da ya fita daga hannunsu. Da agogon batir ya shigo duniya, irin waɗannan gidaje da yawa suka rufe, aka yi ta zubar da tsofaffin. Yanzu kuma masu kuɗin Turai sun dawo suna nema, har dillalai ke tasowa daga Ikko suna bin kasuwanni.

"Kuma ba ƙyalli suke so ba," in ji shi. "Hannuwan nan da ka yi godiya an cire maka, dushewarsu ita ake saye. Abin da kake riƙe da shi yanzu kwanso ne."

Yana magana yana juya murfin, sai ya sa gilashin ido ɗaya ya kai shi ga haske. Ya daɗe a haka. Can na ji ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Matso ka gani."

Na sa gilashin. A cikin murfin akwai ƙananan zane-zane da ido ba ya gani. Ya ce al'adar masu sana'ar ce ko'ina a duniya, duk wanda ya buɗe agogo ya yi aiki, sai ya sa alamarsa da allura kafin ya rufe, don na bayansa ya san wa ya taɓa. Ya nuna mini biyu na Turawa, sun yi baƙi don tsufa, da wata da ya ce rubutun irin na mutanen Faransa ne, wataƙila a Yamai aka yi. Can gefe kuma ga wata sabuwa fil tana walƙiya, layi uku kamar sawun kaza.

"Ni na ba shi wannan alamar. Shekara tara ina buge masa hannu in ya rufe murfi bai sa ta ba. Zuciyar shi ta yi sata, hannun shi kuma ya yi abin da ya saba." Ya jawo sandarsa. "Ku tashi. In dillalan nan suka riga mu, sai dai a Turai."

Wannan komawar ta fi duk tafiyar tsawo. Kowace tsayawa da bas ya yi don ɗaukar fasinja sai in ji kamar in sauka in tura shi. Da muka shiga layin masu agogo, mutane suka riƙa miƙewa suna gaida Baba. Sale ya hango mu, fuskarsa ta canza, amma kafin mu iso ya gyara ta.

"Baba, sannu da zuwa. Lafiya?"

"Ga ni na taso daga kabari. Ina cikin agogon yaron nan?"

"Wane yaro? Ban taɓa ganin shi ba." Ya ɗaga murya don kasuwa ta ji. "Jama'a, ku ga sharri! Ɗan Nijar ne, irin masu zuwa da jabu su ce an canza musu. Ku tambaye shi takardan shi! A kira 'yan sanda!"

Kafin ka ce kwabo mutane sun kewaye mu. Wani ya ce a bincike ni, wani daga baya ya ce ɓarawo. Na sha jin labarin abin da ake yi wa wanda aka kira da wannan suna a kasuwannin Najeriya. Ba ni da kati, ba ni da kowa, ko sunan unguwar da nake kwana ban sani ba. Idona ya fara neman hanya, ƙafata ta ɗaga da kanta. Maman Talatu ta damƙe rigata ta baya.

"Ka tsaya," ta ce a hankali. "In ka gudu, kai ne ɓarawon."

Na tsaya, amma ba jarumta ba ce, riƙon matar nan ne ya fi ƙarfina.

Baba bai ɗaga murya ba. "Sale, ka ce ba ka taɓa buɗe agogon nan ba?"

"Ban taɓa ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Yau na fara ganin shi."

Tsohon ya miƙa murfin da gilashin ga mai teburin da ke kusa, wani Inyamuri da ake kira Oga Emeka. Ya duba, ya ɗago, ya sake dubawa.

"Chineke! Na Sale mark be dis, alamar Sale ce wannan. Sabo ne ma, ko kwana biyu bai yi ba."

Murfin ya bi layin daga hannu zuwa hannu, kowa ya sa a ido ya girgiza kai. Duk sun san sawun kazar nan, shekaru suna ganinsa a agogunan da suka biyo ta teburinsa. Hayaniyar ta mutu. Sale ya kalli hannunsa na dama kamar yau ya fara ganinsa. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya daɗe yana lalube, ya fito da wani ɗan gwangwanin man zafi. A ciki, naɗe da auduga, ga injin, ja-ja kamar sabon kwabo, ga tsofaffin hannuwan a gefe.

Wasu suka ce a kai shi ofis. Baba ya ce a'a, akwai aikin da zai fara yi. Hannunsa ba ya iya riƙe hantsaki, kuma duk layin ba wanda ya kai Sale iya aiki, wannan kowa ya yarda. Ya duba lambar injin da kyau, sannan ya sa Sale ya zauna ya mayar da komai. Ya jawo mini benci har gwiwata na taɓa teburin.

"Zauna nan ka zuba masa ido. A sana'armu ba rashin kunya ba ne. Mai gaskiya ma ya fi son a kalle shi."

Na kalle shi kuwa, har idona ya yi ruwa ban ƙifta ba. Ya kankare gam ɗin, ya zaunar da injin, ya mayar da hannuwan ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo rufewa, yatsunsa suka nufi allura. Baba ya buge hannun da sanda.

"Ɗaya ta ishe ka."

Aka rufe. Na murza maɓallin na kara a kunne, shiru. Baba ya ce wani ɗan ƙarfe ne ya karye a ciki, bai kai kaurin gashi ba, kuma babu shi a ƙasar nan, sai can inda aka yi shi. Ya ce akwai masu cewa za su ƙera mini wani, kada in yarda. Wanda ya san abin zai fi son sa a tsaye da kayansa na asali, ya kai shi gidan da aka ƙera shi da kansa.

Maman Talatu ce ta kai ni wurin baduku aka sake ɗinke shi a fata, ta ƙulla mini shinkafa a leda. Na ce mata Allah ya saka, ta ce in dai ci abinci. Saboda rashin kati, a bayan motar masara na koma, kwance tsakanin buhuna, duk shingen da aka tsaya sai in ɗauke numfashi.

Ranar da na isa, Baffa Mamman ya tara gida a zaure. Ya farke fatar da kansa, ya murza maɓallin, ya kara a kunne. Ya girgiza, ya sake karawa. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kwana tara, Isuhu. Ka zubar da katinka, ka rame kamar an tono ka, ka dawo mana da shi yadda ka tahi da shi?"

"Yadda na tahi da shi, Baffa. Ba abin da ya ragu a ciki."

Ya yi tsaki ya jefa agogon a aljihu. "Da mun sani, da akuya muka aika."

Ƙannena suka fashe da dariya, Hadiza har da faɗuwa. Na ce gaskiya ne, Baffa. Na tashi na shiga ɗakin innata, na kwanta a ƙasa ko tabarma ban shimfiɗa ba, ban farka ba sai da rana ta sake fitowa.